Janar Murtala Muhammed da motar da aka bari yadda take

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a birnin Legas, akwai wata baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz da ba a sake yi wa fenti ba, ba a kuma toshe hujojin da harsasai suka yi a jikinta ba.

A cikin wannan mota ce aka harbe shugaban mulkin sojan Najeriya, Janar Murtala Ramat Muhammed, ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairun 1976, yana da shekara 37 a duniya, bayan ya yi kimanin kwana ɗari biyu kacal a kan karagar mulki.

Motar dai ba ta da sulke, kuma a ranar babu ayarin sojoji a gabanta ko a bayanta. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin masu nazarin tarihin Najeriya ke cewa ta fi kowane mutum-mutumi bayyana halin marigayin.

Tasowarsa

An haifi Murtala Muhammed a birnin Kano ranar 8 ga watan Nuwamban 1938, ya kuma tashi a unguwar Kurawa, daf da gidan sarki.

Ya yi karatun firamare a Gidan Makama, daga nan ya shiga makarantar Midil ta Kano, wadda a yanzu ake kira Kwalejin Rumfa, kafin ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, watau Barewa, inda ya kammala a 1957.

A 1958 ne ya shiga aikin soja. Ya samu horo a Teshie ta ƙasar Ghana da kuma makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, aka ba shi muƙamin hafsa a 1961, ya kuma ƙware a sashen sadarwa na rundunar.

Ya yi aiki da dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango. A 1962 kuma ya zama dogarin Dakta Moses Majekodunmi, wanda aka naɗa kantoman Jihar Yamma a lokacin dokar ta-ɓaci.

Kawunsa, Alhaji Inuwa Wada, yana cikin ministocin Jamhuriya ta Farko, kuma shi ne ministan tsaro a lokacin da sojoji suka kifar da ita.

Juyin mulki da yaƙin basasa

Juyin mulkin 15 ga watan Janairun 1966, wanda aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da manyan hafsoshin Arewa a cikinsa, ya fusata Murtala matuƙa.

Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwar gayya na 29 ga watan Yulin wannan shekara, wanda aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi a cikinsa a Ibadan, tare da sojoji 'yan ƙabilar Igbo masu yawa a barikoki daban-daban.

Da farko Murtala yana cikin masu ra'ayin Arewa ta ɓalle daga tarayyar, amma daga baya aka daidaita a kan Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an ba shi jagorancin Runduna ta Biyu. Cikin ɗan lokaci ya kori dakarun Biyafara daga Jihar Yamma ta Tsakiya, ya kuma kama birnin Benin a watan Satumba.

To sai dai a ranar 7 ga watan Oktoban 1967, sojojin wannan runduna sun harbe ɗaruruwan fararen hula maza da yara a garin Asaba. Har yau ana muhawara a kan gwargwadon alhakin da ke wuyansa a matsayinsa na kwamanda, kuma mutanen garin na tunawa da ranar a kowace shekara.

Haka kuma ya dage a kan tsallaka kogin Kwara kai tsaye zuwa Onitsha, duk da shawarar da hedikwatar soja ta ba shi, abin da ya jawo asarar sojoji da yawa. A ƙarshen watan Maris na 1968 kuma, dakarun Biyafara suka yi wa wani dogon ayarin motocin rundunar kwanton-ɓauna a Abagana, suka ƙone shi ƙurmus.

Ya bar fagen daga a wannan shekara ya koma sashen sadarwa. Ya zama Birgediya a 1971, sannan a 1974 Janar Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya.

Kwana ɗari biyu

A ranar 29 ga watan Yulin 1975, yayin da Janar Gowon ke halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, wasu hafsoshi suka hamɓarar da gwamnatinsa ba tare da zubar da jini ba, suka miƙa wa Murtala ragamar mulki. Birgediya Olusegun Obasanjo ya zama mataimakinsa, Birgediya Theophilus Danjuma kuma babban hafsan sojan ƙasa.

Ya tarar da ƙasa mai kuɗin mai amma al'amura sun cuɗe. Ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun toshe tashar Legas, ana jayayya a kan ƙidayar jama'a ta 1973, sannan gwamnatin da ta gabata ta janye alƙawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976.

Sabon shugaban ya soke ƙidayar, ya sauke dukkan gwamnoni goma sha biyu, inda bincike ya samu goma daga cikinsu da laifin almundahana.

Ya kuma sallami ma'aikatan gwamnati fiye da dubu goma, ciki har da alƙalai da 'yan sanda da ma'aikatan jami'o'i. Talakawa sun yi maraba da matakin, amma an kori mutane da dama ba tare da an saurari ta bakinsu ba, kuma masana da yawa na ganin daga nan ne ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya daina amincewa da cewa kujerarsa za ta kai shi fansho.

A ranar 1 ga watan Oktoban 1975 ya bayyana jadawalin miƙa mulki a 1979, ya kuma kafa kwamitin tsara kundin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams.

A fagen harkokin waje, gwamnatinsa ta amince da ƙungiyar MPLA a matsayin halattacciyar gwamnatin Angola. A taron shugabannin Afirka da aka yi a Addis Ababa cikin watan Janairun 1976, ya fito fili ya yi watsi da matsin lambar da shugaban Amurka Gerald Ford ya yi wa ƙasashen nahiyar a kan batun.

Ranar 3 ga watan Fabrairun 1976 ya ba da sanarwar mayar da babban birnin tarayya zuwa Abuja, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya kuma ƙara yawan jihohi daga goma sha biyu zuwa goma sha tara.

Bai taɓa jiharsa ta Kano ba a wannan rabo. Ƙasar Gumel, da ta haɗa da Maigatari a bakin iyakar Nijar da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta ci gaba da zama cikin Jihar Kano tare da Haɗeja da Kazaure, har zuwa 27 ga watan Agustan 1991 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Safiyar Juma'a

Janar Murtala bai tare a Barikin Dodan ba, inda fadar shugaban ƙasa take a wancan lokaci. Ya ci gaba da zama a gidan da yake ciki a unguwar Ikoyi, yana zuwa ofis kowace safiya ba jiniya, ba 'yan rakiya a kan babura, yana tsayawa a cunkoson motoci kamar kowa.

Motar da yake hawa, Mercedes-Benz 230.6, tana da inji mai silinda shida. Tana cikin jerin da kamfanin ya ƙera daga 1968 zuwa 1976, wanda aka yi kusan guda miliyan biyu, har a ƙasashe da dama ake tasi da irinsu.

A wancan zamani wasu shugabannin Afirka, irin su Idi Amin na Uganda, ƙatuwar Mercedes 600 suke hawa.

Jim kaɗan bayan ƙarfe takwas na safiyar 13 ga watan Fabrairu, motar ta rage gudu a cikin cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi. A nan ne sojojin da suka laɓe suka buɗe mata wuta.

An kashe shugaban tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa, Saja Adamu Michika. Sojan da ke yi masa hidima, wanda shi ma yana cikin motar, ya tsira da raunuka.

Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, wanda ya jagoranci yunƙurin, ya yi jawabi a gidan rediyon tarayya, amma kafin faɗuwar rana dakarun gwamnati sun murƙushe boren. A wannan rana aka kashe gwamnan Jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo.

An kama Dimka a watan Maris, aka harbe shi a watan Mayu. Sojoji da dama, ciki har da kwamishinan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, sun fuskanci irin wannan hukunci.

An kai gawar Janar Murtala Kano inda aka binne shi. Ya rasu ya bar matarsa Ajoke da 'ya'ya shida.

Makomar motar

Hukumomi ba su mayar da motar gareji domin a gyara ta ba. An ajiye ta a gidan tarihin na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, a wani zaure da ke ɗauke da hotunan shugabannin da suka mulki Najeriya.

Mai ziyara yana iya ganin inda kowane harsashi ya shiga, ya kuma auna da idonsa kusancin da maharan suka yi da motar, da kuma siririn ƙarfen da ya raba shugaban ƙasa da bakin bindiga.

Ba kowace ƙasa ce ta yi haka da irin waɗannan motoci ba. Motar Lincoln Continental da aka harbe shugaban Amurka John Kennedy a cikinta a Dallas a 1963, an kwance ta, aka sa mata sulke da rufi da gilashin da harsashi ba ya hudawa, aka sauya mata launi daga shuɗi zuwa baƙi. Ta ci gaba da aiki a fadar White House har zuwa 1977, kuma wanda ya je kallonta a gidan tarihin Henry Ford a yau ba zai ga abin da mutanen Dallas suka gani ba.

Ita kuwa Ostiriya, ta ajiye motar Gräf & Stift da aka kashe Yarima Franz Ferdinand da matarsa a cikinta a Sarajevo a 1914, kisan da ya haddasa Yaƙin Duniya na Farko. Tana gidan tarihin soja na birnin Vienna, da hujin harsashi a gefenta.

Shekaru da dama masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun fi ɗaukaka motar da aka sabunta har ta fi ranar da ta fito daga kamfani ƙyalli. Daga baya ra'ayi ya juya, aka fahimci cewa ana iya sabunta mota sau goma, amma fentinta na asali da kujerunta da tabon da zamani ya bar mata, in aka kankare su sun tafi ke nan.

A 2024, a gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Jihar Kalifoniya, wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bari da kamanninta na da, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka, ta lashe babbar lambar yabo. Wannan ne karon farko da motar da ba a sabunta ba ta yi haka.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a kasuwar mota ta ƙasar Hausa, inda mai saye kan fara tambaya ko fentin na kamfani ne, ko kuma an taɓa buɗe inji, saboda sabon fenti kan ɓoye hatsarin da mota ta yi.

Abin da ya bari

Janar Obasanjo, wanda ya gaje shi, ya cika alƙawarin miƙa mulki, inda Alhaji Shehu Shagari ya karɓi ragama ranar 1 ga watan Oktoban 1979. Gwamnatin tasa ta kuma mayar da Peugeot 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokaci, motar manyan jami'an gwamnati.

Sai dai al'adar shugaba ya bi layin motoci ba 'yan rakiya ba ta daɗe ba bayan Murtala. Shugabannin da suka biyo baya sun koma ga motoci masu sulke da dogayen ayari, ana kuma rufe hanya kafin su wuce.

An sa sunansa a filin jiragen sama na Legas da babban asibitin cikin birnin Kano da manyan tituna a garuruwa da dama. A 1977 aka fitar da takardar naira ashirin mai ɗauke da hotonsa, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da aka sa fuskarsa a takardar kuɗin ƙasar.

A Arewa, da ma sassa da yawa na ƙasar, ana tuna shi a matsayin gwarzo mai yanke hukunci nan take, wanda bai tara dukiya ba. A Asaba da wasu yankunan Gabas, da kuma gidajen ma'aikatan da aka kora a 1975, akwai masu tuna shi da wata fuska daban.

Masana tarihi da dama na ganin cewa ba za a fahimci Murtala Muhammed ba sai an haɗa waɗannan fuskoki duka, ba tare da an shafe ko ɗaya daga cikinsu ba.