Muhammadu Agabba, Tushen Sarautar Adar

Muhammadu Agabba ɗa ne ga Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, wanda ya riƙi sarautar Abzin daga shekarar 1654 zuwa 1687. A gidan mulki aka haife shi, amma a fagen fama ya fara yin suna, tun mahaifinsa yana bisa gado.

A wancan zamani ƙasar Adar tana ƙarƙashin ikon Kabi, kamar yadda take tun zamanin Kanta. Ta cikinta ayarin Abzinawa ke ratsawa zuwa kudu, su kai gishiri da dabino, su komo da hatsi da tufafi. Duk wanda ya mallaki Adar, shi ke da ikon buɗe wannan hanya ko toshe ta, alhali mutanen Abzin ba su iya zama in babu hatsin ƙasar Hausa. Saboda haka ne a shekarar 1674 sarki ya ba ɗansa runduna ya tura shi yaƙi. Agabba ya gwabza da mayaƙan Kabi, Allah ya ba shi nasara, Adar ta fita daga hannun Kabawa ta koma bin Agadas. Buzayen Lisawa da suka mara masa baya suka zauna a ƙasar, suna tsaron ta da sunan sarki.

Da mahaifinsa ya rasu a 1687, Agabba ya gaje shi, ya shekara 34 yana mulkin Agadas. Sai dai abin da abokan gaba suka kasa yi masa a filin daga, daga cikin gida ya zo masa. A 1721 aka tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin.

Ga tsufa ya kama shi, ga gadon uba ya kuɓuce. Duk da haka bai karaya ba. Ya tattara jama'arsa ya nufi ƙasar da ya ci da yaƙi shekaru 47 da suka wuce, ya sauka a Birnin Adar, ya kafa sarauta tasa ta kansa. Nan ya yi shekaru 17 yana mulki, har Allah ya yi masa rasuwa a 1738.

Daga baya zuriyarsa suka mai da fadar zuwa Illela, cikin jahar Tawa, kuma daga tsatsonsa sarakunan Adar suka fito. Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa sarakunanmu haƙuri da adalci.