Richard Carrington: Mutumin da ya fara ganin walƙiyar rana

An haifi Richard Christopher Carrington a ranar 26 ga watan Mayun 1826 a unguwar Chelsea ta birnin Landan. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar giya a Brentford, kuma an so yaron ya zama limamin coci.

To amma da ya shiga Jami'ar Cambridge a 1844, sai darussan Farfesa James Challis suka karkatar da zuciyarsa ga ilimin taurari.

Ya fara aiki a ɗakin nazarin taurari na Jami'ar Durham a 1849, sannan ya ajiye aikin a 1852 saboda ƙarancin kayan aiki. Daga nan ya gina nasa ɗakin a Redhill da ke kudu da Landan.

A can ya riƙa raba lokacinsa gida biyu. Da dare ya ƙididdige taurari har 3,735, aikin da ya sa ƙungiyar masana taurari ta Birtaniya ta ba shi lambar zinariya a 1859. Da rana kuwa yakan zana baƙaƙen tabo da ke bayyana a fuskar rana, kuma ta bin sawunsu ya gano cewa tsakiyar rana ta fi sassanta na arewa da kudu saurin juyawa.

A ranar 1 ga watan Satumban 1859, da misalin ƙarfe 11 da minti 18 na safe, yana cikin zana wasu manyan tabo sai ya ga farin haske mai tsanani ya ɓullo a wurare biyu a tsakaninsu. Ya fita da sauri neman wanda zai shaida, amma kafin ya dawo hasken ya fara dusashewa. Cikin minti biyar ya ɓace. Wani masani, Richard Hodgson, shi ma ya ga abin daga wani wuri dabam.

Kimanin sa'o'i 17 bayan haka, guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi da aka taɓa rubutawa a tarihi ta afka wa duniya. Sama ta yi jawur da dare har a Kuba da Hawaii. Wayoyin tangaraho sun rikice a Turai da Amurka, lantarki ya ja wasu ma'aikata, takardu kuma suka kama da wuta. Tsakanin Boston da Portland an ci gaba da aika saƙo bayan an cire batura.

Carrington ya ambaci yiwuwar alaƙa tsakanin abubuwan biyu, amma ya yi gargaɗin kada a yanke hukunci da misali ɗaya tak. Daga baya kimiyya ta tabbatar cewa rana kan yi aman iskar gas mai ɗauke da lantarki, wadda ke girgiza maganaɗisun duniya idan ta iso.

Sai dai rayuwarsa ba ta ƙare da daɗi ba. Mutuwar mahaifinsa a 1858 ta ɗora masa nauyin masana'antar, ya nemi muƙamai a Oxford da Cambridge bai samu ba, ya kuma daina nazarin rana a 1861. Rashin lafiya ya biyo baya. A watan Nuwamban 1875 aka tarar da matarsa Rosa ta mutu sakamakon shan maganin barci fiye da kima, shi ma ya mutu cikin watan yana da shekara 49.

Har yanzu guguwar 1859 na ɗauke da sunansa, kuma da ita masana ke auna haɗarin da ke fuskantar taurarin ɗan Adam da layukan lantarki. Wadda ba ta kai ta ƙarfi ba ma ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na sa'o'i tara a watan Maris na 1989.