PITA JAKSON, ƊAN DAMBEN DA AKA HANA WA KAMBUN DUNIYA

A ƙasar Hausa, in kaka ta yi an shigar da gero rumbu, sai kalangu ya tashi a fagen dambe. Daga Birnin Lalle cikin ƙasar Dakoro har zuwa Sakkwato da Zamfara, tsofaffi ba su gajiya da gardama a kan wanda ya fi wani cikin mazan jiya, irin su Shago da Ɗandunawa. Wannan gardama akwai irinta a Ostareliya, wata babbar ƙasa da teku ya kewaye, can kudu da Asiya. In mutanenta sun tashi jera zakarunsu na damben Turawa, sukan ambaci Les Darsi, wanda ya rasu a 1917 yana ɗan shekara 21, da Layonal Roz, wanda ya ci kambun duniya a Tokiyo a 1968. Amma akwai wani baƙin mutum da bai taɓa riƙe kambun duniya ba, kuma jerin ba ya cika sai da shi. Sunansa Pita Jakson.

An haifi Jakson wajen shekara ta 1861 a tsibirin Santa Kuruz, cikin tekun Karibiyan, wanda a lokacin yake hannun ƙasar Danmak. Asalinsa jinin bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, kuma aikin nan ne ya kai shi birnin Sidni na Ostareliya wajen 1880. Can ya yi ta ƙwadago har wani tsohon ɗan dambe mai suna Lari Foli ya karɓe shi, ya koya masa sana'ar. Jakson dogo ne, ya zarce mita 1 da santimita 85, ga dogon hannu ga saurin ƙafa. Bai dogara ga ƙarfi kaɗai ba. Da hankali da dabara yake dambe.

Farkon al'amarin bai zo masa da sauƙi ba, don a 1884 Bil Fanan ya kashe shi a birnin Melbon. Bai karaya ba, ya koma ga horo. A watan Satumba na 1886 ya buge Tom Lis a turmi na 30, ya zama zakaran masu nauyi na Ostareliya duka. Da ya rasa abokin karawa a gida, sai ya ƙetare teku zuwa Amurka a 1888, inda ya kashe Joj Godfiri a San Faransisko. Shekarar da ta biyo baya ya isa Landan, ya ci Jem Simit, zakaran Ingila.

Daga nan saura mutum guda a gabansa, wato Jon Suliban, Ba'amurke mai riƙe da kambun duniya. Suliban kuwa ya ƙi fitowa, bai ma ɓoye dalilinsa ba: ba ya dambe da baƙar fata. A fagenmu na gargajiya, wanda aka kira ya ƙi tashi ya sha kunya, makaɗa ma ba su sake waiwayarsa. A Amurka ta wancan zamani kuwa, ƙin nan bai rage wa Suliban komi ba, ya ci gaba da zama da kambunsa.

Ranar 21 ga watan Mayu na 1891 aka haɗa Jakson da Jim Korbet a San Faransisko. Kowane turmi minti 3 ne, da hutun minti 1. Suka yi turmi 61, kimanin awa huɗu, har hannu ya kasa ɗaguwa, alƙali ya raba su ba kisa. Abin lura shi ne, a watan Satumba na 1892 Suliban ya yarda ya kara da Korbet, don shi fari ne, Korbet kuma ya kashe shi a turmi na 21 ya karɓe kambun. Ashe ke nan mutumin da ya kasa kada Jakson cikin turmi 61 shi ne ya zama zakaran duniya. An yi ta maganar a sake haɗa su, amma har suka bar dambe ba a yi ba.

Babbar ranar Jakson ta ƙarshe ita ce 30 ga watan Mayu na 1892 a Landan, inda ya kashe Farank Silabin, shi ma ɗan Ostareliya, a turmi na 10. Bayan wannan sai jira ya yi tsawo. Ya shiga wasan kwaikwayo don neman abinci, shan giya kuma ya soma cin jikinsa. Da ya komo fage a 1898, ƙarfi ya riga ya tafi, wani saurayi mai suna Jim Jefris ya gama da shi a turmi na 3.

Ya koma Ostareliya ba lafiya ba dukiya, yana fama da tarin huka. Ya rasu ranar 13 ga watan Yuli na 1901 a garin Roma na jihar Kwinslan, yana da kimanin shekara 40. Jama'a suka yi karo-karo suka gina masa kabari a birnin Birisben. A ƙarshen 1908, a Sidni, garin da Jakson ya koyi dambe, Jak Jonson ya buge Tomi Bans, ya zama baƙin mutum na farko da ya riƙe kambun masu nauyi na duniya. Kafin ya bar ƙasar sai da ya ziyarci kabarin Jakson.

To, masu karatu, in ana jera mazan jiya, a Dakoro ne ko a Sidni, ƙirga kambu kaɗai ba ya isa. Sai an duba da wa mutum ya kara, an kuma duba wa ya guje shi.