Labuwaziye, Mutumin Da Ya Auna Wuta

Idan ka sa babban gungume a murhu da dare, da safe sai ka tarar da ɗan toka wanda bai cika tafin hannu biyu ba. To, ina sauran itacen ya tafi? Daga ina kuma zafin nan ya fito wanda ya dafa tuwo? Mutane sun yi shekaru dubbai suna hura wuta ba su san amsar wannan ba. Wanda ya fara warware zancen sosai wani Bafaranshe ne, sunansa Antuwan Labuwaziye. A rubutun Faransanci a kan rubuta sunan Antoine Lavoisier.

An haife shi a birnin Faris, ran 26 ga watan Agusta, 1743. Ubansa lauya ne mai wadata. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar. Da ya isa shiga makaranta aka sa shi a wata babbar makaranta ta Faris, inda ya koyi lissafi da ilmin taurari da na tsire-tsire. Ya karanta shari'a don ya gaji ubansa, har ya sami takardar shaida, amma zuciyarsa tana wajen binciken halittu. A 1766 Sarkin Faransa ya ba shi lambar zinariya saboda wata takarda da ya rubuta a kan yadda za a haskaka titunan birni da dare. A 1768 aka shigar da shi ƙungiyar manyan masana ta ƙasar, yana da shekara 24 kaɗai.

A wannan shekara kuma ya sa dukiyarsa cikin wani kamfani mai karɓar wa Sarki haraji. Kamfanin ya kan karɓi kuɗin gishiri da na taba da na kayan da ke shiga birni, ya ba Sarki nasa, ya riƙe riba. Daga nan ya sami kuɗin sayen kayan aiki masu tsada. Amma talakawa sun ƙi jinin kamfanin ƙwarai. Ku riƙe wannan a zuciya, don za mu komo kansa.

A 1771 ya auri Mari-An, 'yar wani abokin aikinsa. Ta koyi Ingilishi don ta riƙa juya masa takardun masanan Ingila. Ita ce kuma ke zana hotunan kayan aikinsa, tana rubuta abin da aka gani a wurin gwaji.

A zamanin nan masana sun ɗauka cewa akwai wani abu ɓoyayye cikin duk abin da ke cin wuta, wai shi ne ke fita ya gudu sa'ad da abu ke ƙonewa. Labuwaziye bai tsaya gardamar baki ba, sai ya ɗauko ma'auni. A 1772 ya ƙona farar wuta da wani abu mai saurin kamawa wanda a ke kira fosfaras, ya tattara abin da suka zama, ya auna. Ashe nauyi ƙaruwa ya yi! In da wani abu ne ya fita, ai da raguwa zai yi.

A 1774 ya zuba kuza cikin kwalba, ya liƙe bakinta sarai, ya auna. Ya gasa ta har kuzan ya soma zama gari, ya sake aunawa. Nauyin kwalbar da abin da ke ciki bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da ya fasa bakin sai iska ta kutsa ciki, sa'an nan nauyi ya ƙaru. Ya gane cewa kuzan ya sha wani kashi na iskar da ke cikin kwalbar.

Cikin watan Oktoba na shekarar nan wani masani na Ingila, Yusufu Firistili, ya zo Faris. Ya ba shi labarin wata iska da ya samu, wadda kyandir ke ci cikinta da haske mai ƙarfi. Labuwaziye ya bi sawun wannan labari. Ya ɗora zaiba bisa wuta cikin rufaffen mazubi har kwana 12. Wani jan gari ya taru a kan zaibar, iskar mazubin kuwa ta ragu. Ya sa kyandir cikin iskar da ta saura, nan da nan ya mutu. Sa'an nan ya kwashe jan garin ya gasa shi da wuta mai tsanani, sai ga zaiba ta komo, ga kuma iskar da ta ɓace ta fito. Wannan iska ita ce ya raɗa wa suna oksijin.

Ta haka aka san cewa iskar da mu ke shaƙa gauraye ce. Wajen kashi ɗaya cikin biyar nata oksijin ne, saura kuwa galibi naitirojin ne, wanda ba ya taimakon wuta. Ƙonewa ita ce haɗuwar abu da oksijin. Shi ya sa maƙeri ke zuga gawayi, shi ya sa kuma in aka kife tukunya a kan fitila sai ta mutu. Gungumen nan da muka fara zancensa bai ɓace ba. Yawancinsa ya haɗu da oksijin, ya zama iska da tururi, ya tashi sama. Da za a tare kome da kome a auna, da an ga nauyin bayan ƙuna daidai ya ke da na itacen da oksijin ɗin da ya sha.

Saura zancen zafi. Yaya za a auna abin da ba a iya ɗorawa a ma'auni? Cikin hunturun 1782 zuwa 1783, shi da abokinsa Lafilas, gwanin lissafi, suka ƙera wata tukunya mai ɗaki uku, wani cikin wani. A ɗakin tsakiya a kan sa abin da za a gwada. Ɗaki na biyu an cika shi da ƙanƙara. Na waje kuma da ƙanƙara, don ya tsare zafin ɗaki kada ya shiga. Zafin abin da ke tsakiya sai ya narkar da ƙanƙarar ɗaki na biyu, ruwan ya tsiyaye cikin kwano, a auna shi. Yawan ruwa shi ke nuna yawan zafi.

Suka ƙona gawayi a ciki, suka auna ruwan. Suka sa ɓeran Masar mai rai a ciki har sa'a goma, suka auna. Suka kuma auna iskar da ɓeran ke fitarwa, suka ga irin wadda gawayi ke fitarwa ce. Da suka gwama lissafin biyu, sai suka ga in iskar da aka fitar ta zo daidai, zafin ma ya kan yi kusa da juna. Watau numfashi wata irin ƙuna ce mai tafiya a hankali, ba harshen wuta. Abinci shi ne itacen, oksijin kuwa daga numfashi ya ke zuwa. Daga baya ya gwada da mutum, ya ga mai aikin ƙarfi ya fi mai hutawa shan oksijin. Kun ga dalilin da ya sa ku ke haki in kun yi tsere.

A 1783 ya ƙona iskar haidirojin cikin oksijin, ya sami ruwa tsantsa, ya nuna cewa ruwa haɗin abu biyu ne. Ya kuma ƙona mai da kakin zuma, ya ga suna ba da ruwa da iskar nan ta gawayi, ya san akwai gawayi da haidirojin cikinsu. A 1789 ya buga babban littafinsa, ya jera abubuwa 33 waɗanda ya ce su ne tushen sauran. Yau an san guda 118.

Kada ku zaci bai yi kuskure ba. Ya ɗauka zafi wani abu ne mai kwarara kamar ruwa, alhali kuwa yanzu an san ƙarfi ne da ke fita sa'ad da abubuwa ke sake haɗuwa. Ya kuma zaci a huhu a ke ƙunar abinci, amma a ko'ina cikin jiki a ke yinta. Waɗanda suka gyara masa, da hanyarsa ta aunawa suka gyara.

A 1789 ɗin nan mutanen Faransa suka yi babban juyin mulki, daga baya suka kashe Sarkinsu. Aka tuna da masu karɓar haraji, aka tuna kuma da ganuwar da kamfaninsu ya kewaye Faris da ita don karɓar kuɗin shiga, wadda Labuwaziye na cikin masu shawarar gina ta. A ƙarshen 1793 aka kama shi. Ran 8 ga watan Mayu, 1794, aka yi musu shari'a, aka sare kansa a wannan rana tare da mutum 27, har da surukinsa. Shekararsa 50. Matarsa ta rayu har 1836, ta tattara sauran rubuce-rubucensa ta fitar da su.

Dukiyar haraji ita ce ta saya masa ma'auni, ita ce kuma ta jawo ajalinsa. Abin da ya bar wa duniya shi ne wannan hali: kada ka yarda da magana don kowa na faɗinta, gwada ka auna tukuna.

Tambayoyi

1. Me ya sa nauyin kwalbar kuza bai sake ba sai da aka fasa bakinta?
2. Don me maƙeri ke zuga wuta?
3. Mene ne amfanin ƙanƙarar ɗakin waje?
4. Ta wace hanya numfashi ya yi kama da ƙunar gawayi?