Theodor Boveri, Bajamushen da Ya Hango Tushen Ciwon Daji

An haifi Theodor Boveri a Bamberg, ƙasar Jamus, a 1862. Malamin jami'a ne a Würzburg. Abin mamaki, ba majinyata ya yi ta bincika ba, ƙwan wata halittar teku ce mai ƙaya kamar bushiya! Ya lura idan zaren gado da ake kira kuromosom ya yi yawa ko ya gaza a ƙwayar halitta, sai girmanta ya karkace. A 1914 ya rubuta littafi yana cewa haka ciwon daji ke somawa, amma kaɗan suka kula. Ya rasu a 1915. Matarsa Marcella ta fassara littafin zuwa Turanci a 1929. Yau masu binciken ciwon dajin hanta suna ƙirga irin wannan ƙari da ragi don hasashen tsananin cutar.