JOHN FLANAGAN: Ɗan Ci-ranin Da Ya Ci Wa Amurka Zinariya Uku

Wanda duk ya duba littafin tarihin wasannin Olimfik zai ga an rubuta cewa Amurka ce ta ci jifan guduma a 1900 da 1904 da 1908. Gaskiya ne, amma mutumin da ya yi jifan duka ukun ba a Amurka aka haife shi ba, ba kuma a can aka binne shi ba. Sunansa John Flanagan, ɗan manomi daga ƙasar Ailan, wanda neman abinci ya kai shi birnin Nuyok.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata mai karatu ya san irin wasan. Gudumar nan ba ta maƙera ba ce, ko da yake can asali da irinta aka fara, mai ƙota ta itace. Ta yanzu dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin laba 16, watau kilo 7.26, an ɗaura masa waya da mariƙi, tsawonta duka wajen ƙafa 4. Mai jifa zai tsaya cikin da'ira mai faɗin ƙafa 7, ya wulwula ta bisa kansa, sannan shi kansa ya yi ta juyawa da ita kamar katantanwa, ya sake ta. In ƙafarsa ta fita daga da'irar, jifan ya ɓaci. Saboda haka ƙarfin tuwo kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da saurin ƙafa da sanin lokacin saki.

An haifi Flanagan a 1868 a gundumar Limerick, kudu maso yammacin Ailan, ya tashi a gonar ubansa kusa da garin Kilmallock. A zamanin nan Ailan tana hannun Ingila, kuma ba ta gama farfaɗowa daga babbar yunwar da ta faɗa mata daga 1845 ba, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu kamar haka zuwa ƙetare. Tun daga nan tafiya Amurka ta zama kamar gado, kusan kowane gida yana da nasa a can. A ƙauyukan kudancin ƙasar kuwa jifan abu mai nauyi wasan samari ne, kamar yadda kokawa take a wasu wurare bayan an gama aikin gona. Cikin wannan ya girma. A 1896 ya ci gasar jifan guduma ta Ingila, a wannan shekarar kuma ya hau jirgin ruwa sai Amurka, yana da shekara 28.

Bai sauka cikin baƙi zalla ba. Mutanen ƙasarsu sun yi yawa a Nuyok, suna da unguwanninsu da ƙungiyoyinsu, kuma sun cika aikin ɗan sanda. Har kulob ɗin wasanni gare su, mai filinsa da ake kira Celtic Park, wanda daga baya Flanagan ya zama ɗaya daga cikin manyansa. Ƙattin da ke jifa a cikinsu saboda girman jiki da yawan ci har laƙabi aka yi musu da sunan kifin nan mafi girma na teku. Shi Flanagan yana cikin waɗanda suka canja wasan, suka mai da hankali ga ƙara juyi a cikin da'ira maimakon dogara ga damtse, kuma shekara da shekaru shi yake karya nisan da shi kansa ya kafa.

Olimfik ɗinsa na farko shi ne na Faris a 1900, kuma shi ne karon farko da aka sa guduma a wasannin. Ba a gina filin kirki ba, a kan ciyawa aka yi cikin wani lambun shaƙatawa mai itatuwa, har kayan jifa sukan faɗa cikin rassa. Ya zo na ɗaya. A 1904 aka yi a St. Louis cikin Amurka, ya sake ci da mita 51.23. A can kuma ya zo na biyu wajen jifan ƙarfe mai laba 56, wanda wani ɗan sandan Kanada, Etienne Desmarteau, ya cinye.

Sai dai a faɗi gaskiya, waɗannan biyun ba su da wani nauyi sosai. A Faris 'yan takara ba su taka kara sun karya ba, a St. Louis kuwa nisa ya hana yawancin Turai zuwa, ya zama Amurkawa ne suke kara da junansu. Inda aka gwada shi da gaske Landan ne, a 1908.

A lokacin ya cika shekara 40, kuma ga wani sabon ƙato ya taso, Matt McGrath, shi ma haifaffen Ailan, shi ma ɗan sandan Nuyok, wanda a 1907 ya yi jifan da ya wuce na Flanagan. Mutane da yawa sun ɗauka tsoho ya gama yayi. Ga shi kuma wasannin na bana sun zo da zafin rai tsakanin Amurkawa da Ingilishi masu masauki. Tun ranar buɗewa mai riƙe da tutar Amurka, Ralph Rose, bai sunkuyar da ita ba da aka zo gaban Sarki Edward na Bakwai. Wajen jan igiya ma, inda Flanagan yake cikin 'yan Amurka, sun janye bayan ja na farko, suna ƙorafin cewa 'yan sandan Liverpool sun sa manyan takalma masu ƙarfe. Ga mutumin Ailan da ya bar gida, cin nasara a Landan, a gaban masu mulkin ƙasarsa, ba wasa ba ne kurum.

McGrath ne ya shige gaba da mita 51.18, ya riƙe har zuwa ƙarshe. Sai a jifansa na ƙarshe Flanagan ya kai mita 51.92, watau ƙafa 170 da 'yan inci, ya ƙwace zinariyar. Na uku shi ne Con Walsh. To, ga abin mamaki: na ɗaya da na biyu da na uku duk a Ailan aka haife su, amma biyu Amurka suka yi wa, ɗaya Kanada. Ailan ba ta da tuta a filin, domin duk ɗan ƙasar da ya zauna gida sai dai ya shiga ƙarƙashin ta Birtaniya.

Bai tsaya nan ba. Ran 24 ga watan Yuli 1909, a New Haven, ya jefa mita 56.19, ƙafa 184 da inci 4, nisan da ba wanda ya taɓa kaiwa a lokacin. Yana da shekara 41. 'Yan wasa kaɗan ne ƙwarai a tarihi suka yi irin wannan a waɗannan shekarun.

Abin da ya raba shi da Amurka ba abokin takara ba ne, aiki ne. A zamanin nan ba a biyan ɗan wasa ko anini, in ma ya karɓa sai a kore shi, saboda haka albashin ɗan sanda shi ne abincinsa. Da fari an ajiye shi a ofishin ba da lasin, inda aiki ba yawa, yana samun sukunin motsa jiki da tafiye-tafiye. A 1910 aka mai da shi sintiri a titi. Mutumin da ya ci wa ƙasa zinariya uku ya koma yawo da kulki a gefen Central Park, ba lokacin taɓa guduma. Sai ya ajiye aikin, a 1911 ya koma gida Limerick, ga gonar gidansu.

Waɗanda ya bari sun ci gaba. McGrath ya ci zinariya a 1912, Pat Ryan, shi ma ɗan Limerick, ya ci a 1920, duka da sunan Amurka. Ryan ɗin nan a 1913 ya jefa mita 57.77, aka shekara 25 ba a wuce shi ba. Daga 1900 zuwa 1932, sau ɗaya tak, a 1924, wanda ba haifaffen Ailan ba ya ci gudumar Olimfik. Yau nisan ya yi gaba ƙwarai, tun da Yuriy Sedykh na Tarayyar Sobiyat ya kai mita 86.74 a 1986, amma a cikin maza har yanzu ba wanda ya sake haɗa zinariya uku a guduma. A mata ne Anita Wlodarczyk ta Folan ta yi haka.

Allah ya ja kwanansa har ya ga abin da bai samu ba. Ailan ta fara zuwa Olimfik da tutarta a 1924, kuma a 1928 a Amsterdam wani matashin likita daga gundumar Cork, Pat O'Callaghan, ya ci mata zinariyarta ta farko. Da guduma ya ci, ya kuma maimaita a Los Angeles a 1932. Flanagan yana gona a lokacin, tafiyar da ba ta da nisa daga garinsu likitan. Ya rasu a watan Yuni 1938 yana da shekara 70. A 2001 mutanen yankinsu suka kafa mutum-mutuminsa a ƙauyen Martinstown, kusa da inda ya tashi.