James Sumner (1887–1955): Masanin da ya Tono Sirrin Wake

Gabatarwa

James Batcheller Sumner masani ne ɗan ƙasar Amurka a fannin kimiyyar sinadaran jikin halittu. Ana tunawa da shi saboda abubuwa biyu da ya tace daga ƙwayar wake, waɗanda suka sauya fahimtar masana game da furotin, wato sinadarin da ke gina jiki.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Sumner ranar 19 ga Nuwamba, 1887, a garin Canton da ke jihar Massachusetts. Yana ɗan shekara 17, abokin farautarsa ya harbe shi bisa kuskure, har ta kai ga an yanke masa hannun hagu. Da yake shi bahago ne, dole ta sa ya sake koyon komai da hannun dama.

Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Harvard a 1910. Bayan ya ɗan taɓa koyarwa, sai ya koma jami'ar a 1912 domin zurfafa karatu a hannun Farfesa Otto Folin. Malamin ya shawarce shi da ya koma karatun lauya, don a ganinsa aikin ɗakin gwaji ya fi ƙarfin mai hannu ɗaya. Sumner ya dage, ya kammala digirin digirgir a 1914, kuma a shekarar ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Cornell.

Bincikensa

A 1917 ya ƙuduri aniyar tace inzayim, wato ire-iren sinadaran da ke gaggauta ayyuka a jikin halitta, kamar narkar da abinci. A wancan zamani ba a tabbatar da ainihin abin da inzayim ya ƙunsa ba. Ya zaɓi yuriyas, inzayim ɗin da ke wargaza yuriya, ya nemi ya fitar da shi daga garin wani farin wake mai manyan ƙwayoyi. Ana cikin haka ne, a 1919, ya tace wani furotin daban daga waken, ya raɗa masa suna konkanabalin A.

Sai a 1926, bayan shekara tara yana fama, ya sami yuriyas tsantsarsa, ƙwayoyi ƙanana masu siffar gishiri, ya kuma nuna cewa furotin ne. Manyan masana, musamman Richard Willstätter na Jamus, suka ƙi yarda. Gardamar ta fara lafawa ne a 1930, bayan John Northrop ya tace wani inzayim na cikin tumbi, shi ma ya tarar furotin ne.

A 1936 Sumner da Stacey Howell suka nuna cewa konkanabalin A yana sa jajayen ƙwayoyin jini su cure wuri guda, amma idan aka zuba sukari, curewar ba ta faruwa. Dalili kuwa shi ne, furotin ɗin yana kama dangin sukarin da ke bayan ƙwayoyin jinin ne. Idan ya riga ya kama wanda aka zuba, ba shi da sauran gurbin riƙe jini. Wannan shi ne karo na farko da aka nuna cewa irin waɗannan furotin suna zaɓar sukari. A 1954 William Boyd ya kira su lektin, daga kalmar Latin mai nufin zaɓe. A yau an san cewa da irin wannan furotin ne ƙwayar cutar mura mai tsanani ke manne wa hanyoyin numfashi, kuma da shi fararen ƙwayoyin jini ke maƙalewa a jijiya kusa da inda aka ji rauni.

Lambar Girma da Rasuwarsa

A 1946 aka ba Sumner rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikinsa kan inzayim, Northrop da Wendell Stanley suka raba sauran rabin. Ya mutu ranar 12 ga Agusta, 1955, sakamakon cutar sankara.

Kammalawa

Akwai abin lura a nan ga mai shirin shiga aji. Folin masani ne na gaske, amma ya auna ɗalibinsa da abin da ido ya gani. Da Sumner ya bi shawarar, da kimiyya ta yi hasarar gwani. Saboda haka wajibi ne malami ya yi taka-tsantsan wajen yanke wa ɗalibi hukunci, musamman mai naƙasa, tun bai ga iyakar ƙwazonsa ba.